Kwamfutar Tebur da Zafin Bazara: Iyakar da Furosesa ke Jurewa da Yadda Ake Sanyaya Ta

  

Maganarmu ta yau a kan zafin kwamfutar tebur ce, wato irin mai akwati daban, allo daban. Wataƙila ka ce, "To ni da ke bin shanu, ina ruwana da kwamfuta?" Ruwanka yana nan, malam. Takardar allurar dabbobinka da kwamfuta ake buga ta. Mai cika maka takardun fito a bakin iyaka da ita yake aiki, domin ofisoshin duwan na Nijar da tsarin SYDONIA suke karɓar bayanin kaya. Yaron da ke tura maka karatu ko labarai a katin waya ranar kasuwa, ita ce jarinsa, kuma sau da yawa sa ko raguna aka sayar aka kafa masa shagon. Kai kuma ɗan kasuwa, in ka mayar da littafin bashinka cikin kwamfuta, ranar da ta mutu, ba ƙarfe kaɗai ka yi asara ba. Saboda haka mu tsaya mu fahimci abin da ke kashe ta a ƙasashenmu, kuma babban cikinsu shi ne zafi da ƙura.

Mece ce furosesa, me ya sa take zafi?

Mutane da yawa suna kiran akwatin gaba ɗaya da sunan si-fi-yu. A gaskiya si-fi-yu, ko furosesa, wani ɗan abu ne mai kusurwa huɗu a cikin akwatin, faɗinsa kamar yatsu biyu zuwa uku in ka jera su, yana zaune a kan babban faifan da masu gyara ke ce wa madabod. Ita ce ke yin duk lissafin da kwamfuta ke yi. Kamfanoni biyu ne ke ƙera kusan duk waɗanda za ka gani a kasuwanninmu, Intel da AMD, dukansu na Amurka.

Wutar lantarkin da furosesa ta ci, kusan duka zafi take komawa. Galibin na kwamfutocin ofis an yi su ne a kan wat 65, manya kuma suna kai wat 125 ko fiye. In ka taɓa kai hannu kusa da tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 bayan ya jima a kunne, ka san zafin da ake magana. To, irin wannan zafin ne ke fitowa daga wurin da bai fi farcen babban yatsanka ba sosai. In ba a janye shi nan da nan ba, cikin daƙiƙu kaɗan furosesa za ta kai iyakarta.

Abubuwa uku ne ke janye zafin. Na farko wani ƙarfe ne na alminiyam, wani lokaci da jan ƙarfe a gindinsa, mai haƙora jere kamar mataji. Shi ke zaune a kan furosesa yana zuƙe zafinta, aikinsa irin na lagireton mota. Na biyu fanka ce da ke bisa ƙarfen, tana hura iska tsakanin haƙoran. Na uku wani mai ne mai kauri, galibi ruwan toka ko fari, da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen. Ko da ido ya ga fuskokin biyu sumul suke, akwai 'yan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki, iska kuwa ba ta ɗaukar zafi da kyau. Man furosesa shi ke cike ramukan. A cikin ukun nan, in ɗaya ya gaza, sauran biyun ba za su rufa masa asiri ba.

Digiri nawa ne lafiya?

Duk lissafinmu a ma'aunin Salshiyos ne, wanda ruwa ke tafasa a digiri 100. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne, na saniya kuma wajen 38 da rabi. Furosesa ta fi mu juriya nesa ba kusa ba, don haka kada ka ga 60 ka ɗauka zazzaɓi ne.

In kwamfuta tana kunne ba ta wani aiki mai nauyi, ko rubutu kawai ake yi, daga digiri 30 zuwa 50 lafiya lau ne. In tana aiki mai nauyi, kamar sauya fim daga wani tsari zuwa wani ko haɗa bidiyon biki, daga 60 zuwa 80 ba abin damuwa ba ne. In ta wuce 85 tana zaune a can sa'a da sa'a, to, a bincika. Iyakar yawancin furosesocin Intel na tebur na wannan zamani digiri 100 ce. Na AMD irin Ryzen, tsakanin 90 da 95 ne ga akasarinsu.

A nan akwai bambancin da makiyayi zai fi kowa ganewa. Raƙumi in yana jin ƙishirwa, jikinsa kan sauka zuwa wajen digiri 34 da asuba, ya hau zuwa 40 ko fiye da la'asar, kuma lafiyarsa ƙalau, halittarsa ke nan. Saniya ba ta iya wannan hawa da sauka. Haka furosesoci suke, kowace da jinsinta. Ryzen 7000 da AMD ta fitar a 2022 an ƙera ta ne ta riƙa hawa har 95 a lokacin aiki mai nauyi, ba tare da wata illa ba. Amma tsofaffin AMD irin su Phenom da FX, iyakar da kamfanin ya rubuta musu tsakanin 60 da 70 da 'yan kai take. Saboda haka kafin ka yanke hukunci, ka san sunan furosesarka da lambarta.

Abu na biyu, furosesar zamani tana da dabarar kare kanta. In ta kai iyaka, sai ta rage gudu da kanta don zafin ya sauka, kamar jakin da ya ji kaya sun yi masa yawa ya rage tafiya. In hakan bai wadatar ba, sai ta kashe kwamfutar ɗungurum. Shi ya sa ba kasafai za ka ga furosesa ta ƙone ba. Maƙwabtanta ne ke shan wahala. Akwai wasu 'yan gwangwanaye a tsaye a kan madabod da cikin akwatin wuta, ana ce musu kafasita. Ƙa'idar da injiniyoyi ke lissafi da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Rumbun ajiya mai juyawa, wato had-dis, inda takardunka da littafin bashinka suke, galibi iyakarsa digiri 60 ce, kuma ya fi son ya zauna ƙasa da 50. Kwamfutar da ke mutuwa ba zato tana cikin rubutu a rumbu, tana iya lalata fayil ɗin da ake aiki a kansa. Asarar ta nan take zuwa.

Fanka ba ta yin sanyi

Wannan ita ce maganar da muke so kowa ya riƙe. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take ɗebowa ta hura wa ƙarfe. In iskar ɗakin mai zafi ce, mai zafi za ta hura. Ba yadda za a yi fanka ta saukar da furosesa ƙasa da zafin ɗakin da take ciki.

Bari mu yi misali da lissafi. A ce a watan Janairu, da sanyin hunturu, shagonka yana digiri 22, furosesa kuma tana 65 a kan aiki. Ratar da ke tsakaninsu 43 ke nan. Wannan ratar kusan ba ta canzawa muddin aikin ɗaya ne, fankar ɗaya ce. To, Afrilu ya zo, shagon ya kai digiri 44. Ka tara 44 da 43, ka samu 87. Kwamfutar ita ce dai, aikin shi ne dai, ba abin da ya lalace, amma ta zo bakin iyaka. In kuma ƙurar hunturu ta toshe haƙoran ƙarfen ta ƙara digiri 10 a kai, an kai 97. Nan ne za ka ji ana cewa, "Wallahi da safe lafiya take, da azahar sai ta fara hauka."

Ku kun san yanayinmu. A Sakkwato da Ƙonni da Maraɗi da Njamena, zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 a inuwa, wata rana ya doshi 45. Shagon kwano marar silin, ko kwantena, ya fi waje zafi da tsakar rana. Su kuwa kamfanonin da ke ƙera kwamfutocin ofis, galibi digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin ɗakin da za a yi aiki da na'urar. Ka ga ashe watanni biyu ko uku a shekara muna sa ta aiki a wajen da ba a ƙera ta dominsa ba. Ba wai ba za ta yi ba, za ta yi, amma sai ka taimake ta.

Yadda za ka gane, da yadda za ka auna

Alamomin zafi ba ɓoyayyu ba ne. Fanka tana ƙara kamar babur ko da ba a wani aiki. Kwamfuta tana sauri da safe, tana jan ƙafa da rana. Tana mutuwa bayan minti goma ko ashirin da fara aiki mai nauyi, in ka bar ta ta huce sai ta tashi, ta sake mutuwa. Amma a kula, ba kowace mutuwa ce ta zafi ba. In tana mutuwa daidai lokacin da wuta ta yi ƙasa, ko aka kunna firji ko injin walda a layinku, matsalar wuta ce. In kuwa tana jan ƙafa safe da dare, rani da damina, a duba ƙwayar cutar kwamfuta ko rumbun da ya tsufa.

Taɓa jikin akwati da hannu ba awo ba ne, domin akwati yana iya yin sanyi alhali furosesa tana tafasa a ciki. A cikin furosesar kanta akwai ma'aunin zafi, karanta shi kawai za ka yi. Akwai manhajoji na kyauta da ke nuna shi, irin su Core Temp da HWMonitor da HWiNFO. Core Temp ma tana nuna maka iyakar furosesarka a gefe, inda aka rubuta Tj. Max. Ka duba sau biyu: lokacin da kwamfuta ke hutawa, da kuma bayan ta yi minti ashirin tana aiki mai nauyi, kuma ka yi awon da rana tsaka, ba da asuba ba. Ka tabbata harafin da ke gaban lambar C ne. In F ka gani, ma'aunin Amurkawa ne, wanda 158 a cikinsa 70 ne kawai a namu. Mutum ya ga 158 sai gabansa ya faɗi a banza.

In ka ga tana 70 ko 80 alhali ba ka buɗe komai ba, buɗe Task Manager ka ga me ke cin ƙarfinta. Masu tura fina-finai, wannan taku ce musamman: filashi da katin waya ɗari suna shiga kwamfutarku a ranar kasuwa ɗaya, kuma akwai ƙwayoyin cuta da ke sa furosesa aiki dare da rana a ɓoye.

Maganin da ba ya cin ko sisi

Fara da mazauninta. A yawancin akwatuna iska tana shiga ta gaba ko ta gefe, ta fita ta baya. Ka bar mata aƙalla taƙi ɗaya tsakaninta da bango. Kada ka sa ta a cikin kabad ka rufe. Kada ka ajiye ta a ƙasa, domin nan ƙura ta fi yawa, ɗora ta bisa tebur ko benci. Ka nisanta ta da taga ko ƙofar da rana ke shigowa, da bangon kwanon da rana ke duka.

Zanen da kake lulluɓa mata saboda ƙura yana da amfani, amma sai an kashe ta ta huce. Lulluɓe ta tana kunne daidai yake da sa wa mai gudu bargo. Haka jibga rasitai da ledoji da kwalaye a kan ramukan iska.

Ka duba abin da ke ƙara wa ɗakin zafi. Janareta ya zauna a waje nesa da ƙofa, wannan kuma har don ranka, domin hayaƙinsa yana kisa. Inbata da batiran sola da tarin cajar wayoyi duk suna fitar da zafi, kada ka tara su a lungu ɗaya da kwamfuta. Su kansu batiran dalma sun fi daɗewa a wajen digiri 25, zafi yana cin ransu da sauri. In rufin kwano ne, silin na zana ko tabarma ko katako a ƙarƙashinsa, ko rumfa a bisansa, yana rage zafin ɗaki sosai. Taga biyu masu kallon juna sun fi fanka ɗaya a ɗakin da ke rufe.

Sannan ka raba aiki da lokaci. Makiyayi ba ya korar garke da tsakar ranar bazara, da sassafe yake tafiya, rana ta take a nemi gindin gawo. Yi wa kwamfuta haka. Sauya fina-finai, haɗa bidiyo, kwafe manyan fayiloli, a bar su sai dare ko da safe. Da rana a tsaya kan rubutu da buga takarda. In ba ciniki, kashe ta.

Yadda ake share ƙura

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Cadi. Laushinta ya fi na garin alkama, ba inda ba ta shiga. Tana taruwa tsakanin fanka da haƙoran ƙarfe har ta zama kamar auduga. Abin takaicin shi ne, hunturu yana toshe hanyar iska, bazara tana biyo bayansa kai tsaye. Don haka sharar ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris ita ce mafi muhimmanci a shekara. Shagon da ke bakin titi ko kusa da kara, inda dabbobi da manyan motoci ke tayar da ƙura, ya riƙa yi duk bayan wata biyu ko uku.

Ga yadda ake yi. Kashe kwamfuta, zare wayar wuta daga bango, sannan ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. Fitar da akwatin waje inuwa, ka buɗe murfin gefe. Kafin ka taɓa komai a ciki, taɓa ƙarfen akwatin da hannunka. Kun san yadda riga ke ƙyasta wuta a jiki da hunturu, to, wannan 'yar wutar da ba ta yi maka komai tana iya kashe madabod.

Yi amfani da ƙaramar bulowa ta lantarki ko famfon keke, da buroshin fenti mai laushi, sabo. Riƙe fanka da yatsa ko ɗan tsinke lokacin da kake hura mata iska, kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima ta lalace. Kada ka kai wa mai faci ya hura da injinsa, iskar ta yi ƙarfi, kuma takan fito da ɗigon ruwa da mai. Kada ka hura da baki. Ruwa, fetur, kananzir, babu ɗayansu da zai shiga akwatin nan. Akwatin wuta kuma, wanda wayar bango ke shiga cikinsa, hura masa iska ta ramukansa kawai. Kada ka kwance shi, domin yana riƙe wutar da za ta iya yi wa mutum mummunan lahani ko bayan an zare shi daga bango.

Bayan ka rufe ka kunna, leƙa ka tabbata kowace fanka tana juyawa. Wadda ke gurnani ko sai an tura ta da yatsa, a sauya ta. Fanka tana cikin kayan kwamfuta mafi araha, abin da take karewa kuwa shi ne mafi tsada.

Wasu kan cire murfin gefe gaba ɗaya su kafa fankar ɗaki tana hurawa ciki. Dabara ce da za ta iya fitar da kai ranar kasuwa, amma ba ta zama ba ce. Ƙura tana ninkuwa, ƙadangare da ɓera da kyankyaso suna samun gida, ga hannun yara. Wasu akwatunan ofis ma an tsara hanyar iskarsu ne da murfi a rufe, in ka buɗe sai wasu sassan su rasa iska.

Batun man furosesa

In ka share ƙura, fanka tana juyawa, amma zafi bai sauka ba, mai yiwuwa man ya bushe. Bayan shekaru yakan ƙafe ya tsattsage kamar laka a tafkin da ya janye. Kwamfutocin gwanjo da ke shigowa ta Kwatano da Legas, irin su Dell OptiPlex da HP na ofis, da yawansu sun shekara goma ko fiye, kuma man da aka shafa musu a masana'anta ne a kansu har yau.

In ba ka saba ba, kai wa mai gyara. In za ka yi da kanka, bar kwamfutar ta yi aiki na 'yan mintuna don tsohon man ya yi laushi, sannan ka kashe ka zare wuta. Kwance ƙarfen, ka ɗan murɗa shi hagu da dama kafin ka ɗaga. Fizgewa kai tsaye yana iya tsige furosesar AMD mai ƙafafu daga mazauninta, ƙafafun su lanƙwashe. Goge tsohon man daga fuskokin biyu da ƙyalle mai tsabta da sifirit, ka bari ya bushe. Ɗiga sabo a tsakiya, kamar girman ƙaramin ƙwayar wake, ba ƙari. Mayar da ƙarfen, ka ɗaure kusoshin a gicciye, kaɗan kaɗan, don ya zauna daidai. In mai ƙafafun roba huɗu ne na Intel, ka tabbata duka huɗun sun shiga sun kama, domin ƙafa ɗaya da ta saki ta isa ta haura da zafi sama. Kada ka manta ka mayar da wayar fanka. Kuma duk lokacin da aka ɗaga ƙarfen, sai an sa sabon mai.

Man goge baki, girisin mota, basilin, man zafi na shafa wa jiki, duk ba sa wannan aiki. Araha ba ta ado.

Ruwa fa?

Ana yawan tambaya ko a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan akwati, tun da haka muke sanyaya tulu da salka. Dabarar gaskiya ce a wurinta. Da ita marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da yalo, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Amma kwamfuta ba tumatir ba ce, ɗigo ɗaya a kan madabod ya isa. In kana son amfani da dabarar, sanyaya ɗakin: rataya jiƙaƙƙen buhu a tagar da iska ke shigowa, nesa da kwamfuta da wayoyin wuta. A busasshen zafin Maris da Afrilu yana aiki, in damina ta kusa iska ta yi laima kuma amfaninsa kaɗan ne.

Akwai na'urar sanyaya furosesa da ruwa a cikin rufaffen tiyo, mai famfo da lagireto. Tana da tsada, famfon yana iya mutuwa, kuma ita ma da iskar ɗakin take sanyaya ruwanta. Mai shagon buga takardu ba ya bukatarta.

In za ka saya, ko za ka kai gyara

Kada ka biya kuɗin kwamfutar gwanjo sai an kunna ta a gabanka ta yi aiki na rabin sa'a, ana kallon bidiyo, ma'aunin zafi yana buɗe. A buɗe maka murfi ka duba kafasitoci: kansu ya zama shafaffe, wanda ya kumbura ko ya tsiyayo da wani abu mai kama da tsatsa ya gama aiki. A bayan wasu tsofaffin akwatunan wuta akwai ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar ƙasashenmu tsakanin bolt 220 da 230 take, ta Amurka kuwa wajen 120. In makunnin yana kan 115 ka jona, nan take za ka ji fas da warin ƙuna.

A wurin mai gyara, ce masa, "Malam, nuna mini zafinta kafin ka taɓa, ka kuma nuna mini bayan ka gama." Mai gyara na ƙwarai ba zai ji haushin wannan ba. In an ce maka furosesa ta ƙone sai an sayi sabuwa, nemi a fara gwada shara da sabon mai da fanka. Kafin kwamfuta ta bar shagonka, kwafe muhimman takardunka a filashi. Kai, ko ba ta je gyara ba, ka riƙa kwafe littafin bashi duk mako, ka ajiye filashin a gida, ba a shago ba.

Kalma ɗaya ga masu waya

Wayar da ke aljihunka ita ma tana da furosesa, kuma ba ta da fanka, ta jikinta take fitar da zafi. Kamfanin Apple ya rubuta cewa a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. Batirin waya ba ya son caji in zafinsa ya wuce digiri 45. Saboda haka ɗan'uwa makiyayi, in kana caji da ƙaramin faifan sola, faifan ne ke son rana, wayar a sa ta a inuwa. Kada a bar ta a gaban mota ko a ɗaure a kan babur cikin rana, kada a yi caji ƙarƙashin matashi. In ta yi zafi, cire mata riga ka kashe ta ta huce a inuwa, ba a randa ko firji ba. Batirin da ya kumbura kuwa a daina amfani da shi, kada a huda shi, kada a jefa a wuta.

To jama'a, abin da za ku tafi da shi ke nan. Hutawa 30 zuwa 50, aiki 60 zuwa 80, in ta zauna sama da 85 a bincika. A ba ta inuwa da sarari, a share ƙura kafin bazara ta kama, a kwafe takardu a filashi. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa na shago ko na ruga. Allah ya ba da kasuwa, ya kiyaye hanya, ya raya dabbobi.